Harsashin Gida a Tsibirin da Ƙasa Ke Rawa

Ranar Lahadi, 5 ga Agustan 2018, daidai lokacin sallar Isha'i, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9 ta afka wa arewacin Lombok, tsibirin nan na Indonesiya da ake yi wa kirari da tsibirin masallatai dubu. A ƙauyen Lading-Lading, masallacin Jabal Nur, ginin kankare mai ƙubba, ya durƙushe a kan masallata. Can gabas da shi, a Bayan, kusa da inda girgizar ta samo asali, akwai wani tsohon masallaci da ake kira Bayan Beleq, wanda ya kwashe ɗaruruwan shekaru a duniya. Ginshiƙansa katako ne, bangonsa saƙaƙƙen gora, yana zaune a kan dandamalin duwatsu. Wannan masallaci ya tsaya. Haka ma gidajen gargajiya na ƙabilar Sasak da dama a yankin suka tsaya, alhali gidajen bulo da jan birki da ke kewaye da su sun zube. Girgizar ta zo a jere, 29 ga Yuli, 5 ga Agusta da 19 ga Agusta, ta kashe mutum sama da 500, ta rushe dubun dubatan gidaje.

Ajali na hannun Allah, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai tawakkali bai taɓa hana mutum duba inda zai kafa ɗakin 'ya'yansa ba. Magidancin da ke shirin gini a Lombok, ko Nias, ko Sulawesi, ko Haiti, yakan fara da tambayar wane harsashi ne ya fi ƙarfi, magini kuma yakan ba shi amsar da ya saba bayarwa: a zurfafa rami, a ƙara siminti. Wannan amsa ta binne mutane da yawa. Abin da tarihin tsibiran nan ke nunawa shi ne, ƙasar wurin ce ke da ta cewa kafin aljihun mai gida, nauyin gidan ne ke biye, sannan yadda aka ɗaure harsashi da abin da ke bisansa. Zurfin rami yana zuwa ne bayan waɗannan uku.

Dalilin bai da wuyar ganewa. A ranakun lafiya, aikin harsashi ɗaya ne: ya karɓi nauyin gida daga sama ya baza shi a ƙasa. Ranar girgiza kuwa, ƙasa tana fizgar gindin gida gefe da gefe cikin daƙiƙoƙi, saman gidan yana ƙoƙarin zama inda yake. Ƙarfin wannan fizga yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin ginin. Gida mai rufin kankare da bangon birki yana shan bugu ninkin-ba-ninkin na gidan katako mai girma ɗaya da shi. Ga shi kuma birki da bulo suna da juriyar danni daga sama, amma ba su da juriyar ja ko tanƙwara. Da zarar ɓangare ɗaya na harsashi ya nutse ko ya zame ya bar ɗaya, bango zai tsage, kusurwa ta buɗe, rufi ya rasa abin dogaro.

Mutanen tsibirin Nias, da ke yammacin Sumatra, sun gano haka tun kafin a kai musu buhun siminti na farko. Gidansu na gargajiya, omo hada, da gidan sarki, omo sebua, ba su da harsashi irin wanda aka sani, wato rami da ciko. Ana kafa manyan ginshiƙan katako a kan fuskar duwatsu masu faɗi, ba a binne su. Tsakanin ginshiƙan da ke tsaye akwai wasu manyan itatuwa da aka gicciya a karkace, suna tokare juna ta tsawo da ta faɗi. Babu ƙusa a ginin, sassaƙa ce ake shigar da wannan cikin wancan. Idan ƙasa ta motsa, mahaɗan suna ɗan sassautawa su koma, ginshiƙi yana iya ɗan gogawa a kan dutsensa, itatuwan da aka gicciya kuma suna hana gidan kifewa. Ƙarfin girgizar yana ɓacewa a cikin wannan motsi maimakon ya taru wuri ɗaya ya karya abu.

An gwada wannan fasaha a daren 28 ga Maris na 2005, wata uku kacal bayan igiyar tsunami ta Aceh, lokacin da girgiza mai maki 8.6 ta bugi Nias. Mutum wajen dubu ne suka rasu, da yawansu a Gunungsitoli, babban garin tsibirin, ƙarƙashin shagunan kankare masu bene. A ƙauyen Bawomataluo da ke kan tudu a kudu, babban gidan sarki mai tsananin tsayi ya fita da ƙafafunsa, jerin gidajen katakon da ke kewaye da dandalin ƙauyen ma haka. Abin burgewa a nan shi ne dutsen da ke ƙarƙashin ginshiƙi aiki biyu yake yi. Yana ba gida damar motsi ranar girgiza, sannan kowace rana ta Allah yana raba katako da damshin ƙasa, ya rage ruɓewa, ya sa hanyar gara ta fito fili inda ido zai gan ta. A ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, wannan aiki na biyu shi ke sa gida ya kai jikoki.

A ɗaya gefen duniya ma an ga irin haka. Girgizar 12 ga Janairun 2010 a Haiti, mai maki 7.0, ta kashe dubun dubatan mutane ko a ƙididdiga mafi ƙanƙanta, gwamnatin ƙasar kuwa ta ce sun haura 300,000. Amma tsofaffin gidajen nan masu firam ɗin katako da ado a unguwannin Pacot da Bois Verna na birnin Port-au-Prince, waɗanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, mafi yawansu ba su rushe ba. Mako shida da 'yan kwanaki bayan nan, girgiza mai maki 8.8 ta bugi Chili, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, waɗanda suka rasu kuma ɗari biyar da 'yan kai ne. Chili ma da kankare take gini. Bambancin shi ne can akwai doka, ana bin ta, rodi yana inda ya kamata, a ɗaure yadda ya kamata.

Saboda haka ba kankare ne abokin gaba ba, kuma duk wanda zai ce wa mutanen tsibiran nan su koma gidan kakanni kawai, bai yi musu adalci ba. Manyan itatuwan da aka gina omo sebua da su yanzu sai an tona, dazuzzukan sun ja baya, kuɗin katako mai kyau ya fi ƙarfin talaka. Masassaƙan da suka iya haɗa gida ba ƙusa suna ƙarewa. Gobara ma abin tsoro ce ta gaske: a 1925 hukumar Port-au-Prince ta hana sabon gini da katako saboda yawan gobara, daga nan birnin ya karkata ga bulo da kankare. Ga kuma mahaukaciyar guguwa. Kudancin Haiti ya sha guguwar Matthew a Oktoban 2016, wadda ta yaye rufin kwano ta watsar, sannan a 14 ga Agustan 2021 girgiza mai maki 7.2 ta bugi wannan yanki dai, ta kashe mutum sama da 2,200. Iska tana koya wa mutum son gida mai nauyi, girgiza kuma tana hukunta shi a kan nauyin. Bayan wannan duka akwai maganar mutunci. A ƙauyukan Lombok, wanda ya je Malesiya ko Saudiyya ya yi ƙwadago ya dawo, gidan birki mai fenti ne shaidar cewa tafiyarsa ta yi albarka. Ba a raina wannan buri. Abin da ya kamata shi ne a nuna masa yadda zai cika shi ba tare da ya gina wa iyalinsa tarko ba.

To, a ɗauka filin yana kan ƙasa mai tauri, wadda ba ciko ba ce, ruwa kuma ba ya kusa. A nan gida mai hawa ɗaya, wato na ƙasa, ba ya bukatar wani harsashi mai tsada. Abin da Indonesiyawa suka saba yi ya isa: rami dogo da ke bin ƙarƙashin kowane bango ba yankewa, a jera fasassun duwatsu da kwaɓin siminti, faɗi a ƙasa, tsukakke a sama. Ƙa'idojin gidan talaka da ma'aikatar ayyuka ta ƙasar ta fitar tare da hukumar raya ƙasashe ta Japan sun ce faɗin gindinsa kada ya gaza santimita 60, samansa 30, tsayinsa 60. A fasa dutsen ya yi kaifi, domin mulmulallen dutsen kogi siminti ba ya kama shi da kyau.

Amma ran wannan harsashi yana cikin abin da ke kwance a kansa. Ɗamara ce ta kankare mai rodi, faɗin santimita 15 da tsayin 20, wadda ke zagaye gidan gaba ɗaya ta bi ƙarƙashin bangayen ciki, magina a can suna kiran ta sloof. Ana kafe ta cikin duwatsun da guntayen rodi kowace mita ɗaya. Daga cikinta ginshiƙai ke tashi a kowace kusurwa da kowace mahaɗar bango, su je su haɗu da wata ɗamarar a sama ƙarƙashin rufi. Rodin ginshiƙi dole ya nutse cikin harsashi ya lanƙwashe, na ɗamara kuma ya zagaya kusurwa ya haɗe da ɗan'uwansa da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 40. Zobban da ke riƙe rodi a jera su kowane santimita 15, a lanƙwasa bakinsu ya shige ciki sosai don kada su buɗe. Ana fara jera birki, sannan a zuba ginshiƙi ya kama shi, kuma kada faɗin bango ɗaya tsakanin ginshiƙai ya wuce murabba'in mita 9. Idan aka yi haka, gida ya zama abu guda: ƙasa ta ja shi, ya tafi tare, ya dawo tare.

Injiniya Teddy Boen, wanda ya shafe shekaru da dama yana bin garuruwan Indonesiya bayan kowace girgiza yana duba gidajen talakawa, ya daɗe yana nuna cewa ɓarnar takan fara ne daga mahaɗa da rashin ingancin aiki. Girgizar Yogyakarta ta 27 ga Mayun 2006 ba ta kai maki 6.5 ba, amma ta kashe mutum sama da 5,700, galibi a gundumar Bantul, inda gidajen birki marasa ɗauri, masu rufin yumɓu mai nauyi, ke zaune a kan ƙasa mai laushi da dutsen Merapi mai aman wuta ya tara. Ƙasa mai laushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi. A Cianjur da ke yammacin Jawa, a Nuwamban 2022, girgiza mai maki 5.6 kawai ta kashe mutum fiye da 300. Shekara 16 tsakani, cuta ɗaya.

Abin takaici, wurin da ake yi wa gini ƙwange shi ne wurin da ido ba ya gani. Mai gida zai tsaya kai da fata a kan launin fenti da ƙofar ƙarfe, amma a rage kaurin rodi, a nisanta zobba, a tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin zuba, ba zai ce uffan ba, wani lokaci ma shi ne ya nemi a yi hakan. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin ɗakin kwana.

A tsibiri akwai wata jarabawar ta daban, ita ce yashin bakin teku. Ga shi a ƙofar gida, kyauta, yashin kogi kuwa sai an yi hayar mota ko jirgin ruwa. Gishirin da ke cikinsa yana cin rodi a hankali. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki, bayan wasu shekaru ɗamarar da ake taƙama da ita ta zama hoto. Iskar teku da damshi ma suna yin wannan aiki idan kankaren da ya lulluɓe rodi bai yi kauri ba, shi ya sa ake ɗora rodin harsashi a kan 'yan ƙananan tubalan siminti don kada ya kwanta a ƙasa tsirara. Haka nan daɓen ɗaki ya ɗaga sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa, kuma ruwan indararo kada ya riƙa zuba a gindin bango yana zaizaye shi.

Wanda ya zaɓi gidan katako a kan ƙafafu, shi ma da nasa sharuɗɗan. Ƙafafu dogaye marasa tokara su ne wuri mafi rauni a kowane gini, na katako ko na kankare: ƙasan gida fayau, samansa da nauyi, girgiza ta zo ta karya gwiwar. Sirrin Nias yana cikin itatuwan da aka gicciya, duk wanda ya kwaikwayi ƙafafun ya bar tokarar bai ɗauki komai ba. Kuma gidan zamani ƙarami mai rufin kwano ba shi da nauyin omo sebua da zai danne shi a kan duwatsu. Guguwa na iya ɗaga shi, girgiza na iya zamar da shi ya sauka daga dutsen. Don haka a yau hikima ita ce a zuba ɗan tafin kankare ƙarƙashin kowace ƙafa, ya ɗaga sama da ƙasa, a kafe katakon da ƙarfe da noti wanda ba ya tsatsa, a haɗa tafukan da ɗamara idan hali ya yi. Ɗauri ya tashi tun daga tafin har zuwa rufi ba yankewa.

Sai babbar magana, wato filin da ƙasarsa ba ta da amana. Bakin teku, tsohuwar hanyar kogi, fadamar shinkafa da aka cike, duk wurin da yashi ne sako-sako kuma ruwa na kusa da sama. Idan girgiza ta daɗe tana kaɗa irin wannan yashi, ƙwayoyinsa suna matsewa, ruwan da ke tsakaninsu ya rasa mafita, matsinsa ya hau har ya ɗauke nauyin da yashin ke ɗauke da shi. Cikin ƙiftawar ido ƙasar da mota ke bi ta koma kamar kunu. Duniya ta fara ɗaukar wannan da muhimmanci ne a 1964, a birnin Niigata na Japan, inda benaye masu hawa huɗu suka kishingiɗa a gefe guda, bangayensu lafiya lau, ƙasar ce ta sake su.

A irin wannan fili, harsashin duwatsu dogo ko tafuka a warwatse ba su da amfani, domin kowane sashe zai nutse yadda ya ga dama. Abin da ya fi dacewa da ƙaramin gida shi ne shimfiɗa guda ta kankare mai rodi sama da ƙasa, da haƙarƙari masu kauri a ƙarƙashi, a kan cikon tsakuwa da aka daddanne sosai. Gida na iya karkata, amma ba zai yage ba, mutane za su fita da ransu, wani lokaci ma a iya ɗaga shi a daidaita. Sharaɗin dai shi ne abin da ke bisa ya zama marar nauyi kuma fasalinsa ya zama mai sauƙi, kusurwa huɗu ba lunguna. Ɗaya hanyar ita ce turaku da ake kafawa su ratsa ƙasa mai laushi su taka mai tauri. Wannan aikin injiniya ne da na'ura, ba na ƙiyasi ba, kuma kuɗinsa kan fi ƙarfin mai ƙaramin gida. Ko su ma ba su da tabbas idan ƙasa ta zame gefe: shekaru bayan girgizar Niigata, da aka tona ƙarƙashin wasu gine-gine, an tarar da turakunsu a karye. Turakun gora ko na itace da ake amfani da su a fadamu suna daɗewa ne kawai idan suna nutse cikin ruwa kullum. Sashen da ke jiƙewa yana bushewa shi ne ke ruɓewa.

Akwai kuma filin da babu harsashin da zai cece shi, kuma wannan ita ce gaskiyar da ba a son faɗa wa wanda ya riga ya biya kuɗin fili. Ranar Juma'a, 28 ga Satumban 2018, gab da Magariba, girgiza mai maki 7.5 ta bugi Palu a tsibirin Sulawesi. Tsunami ta shiga ta bakin teku, amma abin da ya girgiza masana shi ne abin da ya faru a can cikin tudu. A unguwannin Petobo da Balaroa, da ƙauyukan Jono Oge da Sibalaya, ƙasa ta narke ta kama gudu, ɗauke da gidaje, masallatai, tituna da bishiyoyin kwakwa, ta tafi da su ɗaruruwan mitoci, ta haɗiye wasu. Gangaren wuraren ɗan kaɗan ne, wanda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da shi. Mutum sama da 4,000 suka rasu a bala'in baki ɗaya, da yawa ba a ga gawarsu ba. Binciken da masana suka wallafa a 2019 ya nuna cewa a Petobo, Jono Oge da Sibalaya zamewar ta fara ne daga ƙasan magudanar ban-ruwa ta Gumbasa, wadda ta daɗe tana jiƙa gonakin shinkafa tana ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai gida a Petobo ko da ya zuba shimfiɗar kankare mafi kyau a duniya, da ita da gidan za su tafi tare.

Gangaren tsauni ma yana da nasa haɗarin, kuma shi ne rabon talakan birni a Port-au-Prince da garuruwa da yawa na Filifin. Ana yanke tudu, a tura ƙasar gaba a cike, a sami fili shimfiɗaɗɗe. Rabin gida yana kan ƙasa ta asali, rabi a kan ciko. Damina ta jiƙa cikon, girgiza ta zo ta sauke shi. Harsashi a gangare dole ya taka ƙasar asali ko'ina, a yi shi hawa-hawa, bangon da ke tare ƙasa kuma a bar masa ƙofofin fitar ruwa.

Ta yaya talaka zai san irin ƙasar da ya saya? Akwai abin da zai iya da kansa. Ya leƙa rijiyoyin maƙwabta a tsakiyar damina ya ga nisan ruwa. Ya haƙa rami ya ga ko yashi ne, ko laka, ko ciko. Ya tambayi dattawan unguwa me wurin yake a da, kuma ina ne ƙasa ta tsage ko ta fitar da yashi da ruwa a girgizar baya. Waɗannan tambayoyi ba sa cin ko sisi. Amma akwai iyaka ga abin da ido da tambaya za su gano, kuma a nan ne nauyi ke komawa kan hukuma. Bayan girgizar Christchurch ta 2011 a Niyu Zilan, gwamnati ta auna ƙasar birnin, ta ware wuraren da aka daina zama sam, sauran filayen kuma ta kasa su gida uku, kowanne da irin harsashin da ya dace da shi. Magidanci ya duba taswira ya san matsayinsa. Indonesiya ta shata jan yanki a Palu, ta gina wa mutane sababbin matsugunai a Tondo, Duyu da Pombewe, amma bayan an binne dubbai. Auna ƙasar ƙauye guda da na'urar soka ƙasa ba ya kai kuɗin sake gina gidaje kaɗan. Rashin yin sa kafin bala'i sakaci ne, ba talauci ba.

Bayan girgizar Lombok gwamnati ta ware rupiya miliyan 50 ga kowane gida da ya rushe, miliyan 25 ga mai matsakaiciyar ɓarna, miliyan 10 ga mai ƙarama, da sharaɗin a gina mai jure girgiza. Ta gabatar da RISHA, gidan da ake haɗawa da sassan kankare da aka zuba tun a masana'anta ana ɗaure su da noti, sannan ta amince da na katako da na birki mai ɗamara. Niyya ce mai kyau, sharaɗin ma daidai ne. Sai dai aikin ya yi jinkiri, mutane sun daɗe a tantuna, kuma tsarin gida ɗaya da aka zana a ofis ba ya sanin ko a kan dutse za a kafa shi ko a kan fadama. Kuɗin da ya fi yin albarka shi ne wanda aka kashe wajen horar da maginin ƙauye, domin shi ne zai gina ɗakin da za a ƙara bayan shekara biyar, lokacin da jami'an agaji sun daɗe da komawa Jakarta.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan labarin nesa ne, kuma gaskiya ƙasar Hausa ba ta kan bakin manyan tsagogin duniya. Amma 'yan'uwa da ke zaune a Nima da Sabon Zango a Akra suna kan ƙasar da ta taɓa motsi: girgizar 22 ga Yunin 1939 ta kashe mutum 17 a birnin, tun yana ɗan ƙarami. Mutanen Mpape a Abuja ma sun ji ƙasa ta kaɗa a Satumban 2018, watan da Palu ta nutse.

A Lombok ko a Akra, aikin harsashi yana da rana ɗaya da ba ta dawowa, ita ce ranar zuba kankare. Kafin kwanon farko ya sauka, rodi yana fili, kowa na iya ƙirga shi, ya auna tazarar zobba da ma'auni, ya duba ko kusurwa ta haɗe, ya ga ko ginshiƙi ya kafu cikin duwatsu, ya ɗanɗana yashi ya ji ko da gishiri. Mai gida ya kamata ya bar kasuwa da gona ya tsaya a wurin tun safe, da wani wanda ya san aikin kuma ba shi ne ɗan kwangilar ba. Ya ɗauki hoton kowace kusurwa da wayarsa. Ya tabbatar awon kwaɓi bai sauka daga siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa uku ba, an soka shi da sanda ya cika ko'ina, sannan a yi ta shayar da shi ruwa har mako guda kafin a ɗora masa birki.